Zakkar kaka da tsohon giɓin da ke tsakanin mai shi da marar shi



Ya ƴan'uwa masu imani, kaka ta zo, lokaci ne da ya kamata mu tuna da wani haƙƙi da yawancinmu muka mayar da shi kyauta.

A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, Damagaram ta bunƙasa da ayarin da ke ratsa hamada zuwa Tarabulus, fatake suka tara dukiya mai yawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya karkata kudu, hanyar ayari ta mutu. Daga baya gyaɗa ta ɗaga alhazan Maraɗi, har farin 1973 da 1974 ya karya nomanta. Gidajen masu kuɗi sun yi ta sauyawa, amma manomin ƙauye yana nan inda yake. A 2005, bayan fari da farar dango, yara sun yi ta mutuwa da tamowa a jihohin Maraɗi da Zinder alhali akwai hatsi a kasuwa. Kuɗin sayensa ne talaka ba shi da shi.

Yadda giɓin ke faɗaɗa ba ɓoyayye ba ne. Manomi yakan sayar da hatsinsa da araha a kaka don biyan bashi. Mai hali ya saye ya adana. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, manomin ya dawo ya saye shi da tsada ko ya ci wani bashin. Shekara ta bi shekara, sai gona ta shiga jingina, ɗansa ya gaji bashi a maimakon ƙasa.

Wani zai ce ai Allah ne ya fifita wasu a kan wasu a arziki. Gaskiya ne. Amma wanda ya fifita ɗin shi ne ya wajabta zakka a shekara ta 2 bayan hijira, ya kuma ambaci masu cin ta kashi 8 a Suratut Tauba. Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da shi, ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Ba a yin yaƙi a kan kyauta.

To, wanda gero ko dawarsa suka kai nisabi, wato sa'i 300, kimanin buhu shida da rabi na kilo 100, zai fitar da ɗaya cikin goma idan noman ruwan sama ne, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban ruwa aka shayar. Ɗan kasuwa mai juya haja ya ƙiyasta ta kowace shekara, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Kada a zaɓi ruɓaɓɓe. Kada a ba ƴan ƙwadago a matsayin ladan aikinsu, ko a kai wa wanda ake neman alfarma a wurinsa. A nemi gwauruwa mai marayu, da manomin da bashi ya ɗaure wa wuya, domin mabarci yana cikin kashi takwas ɗin nan. Damin da ya hana gona shiga jingina ya ceci zuriya guda.

Allah ya tsarkake dukiyoyinmu, ya sa albarka a rumbunanmu. A tura wa sauran ƴan'uwa, domin mai nuni ga alheri yana da lada.