Filin Mata: Fitilar Da Murjani Ke So



Ran Lahadi na kai ziyara wani gida a Unguwar Rimi, na iske uwargida ta yi tagumi. Maigida ya kashe kuɗi masu yawa ya sayo mata akwatin gilashi na ruwan gishiri, da 'yan kifaye da murjani mai rai a ciki. Ita kuwa ta ajiye shi bakin taga don ya sha rana. Kafin wata ya zagayo gilashin ya yi gansakuka, murjanin ya koma fari fat kamar alli.

To, ku saurara. Jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, daga Bahar Rum yake, kuma cikin duhun ruwa yake girma. Amma na akwati irin na Bahar Maliya ne, wajen Jidda. Ko da yake kamar dutse yake, dabba ce. Cikin namansa akwai waɗansu 'yan tsire-tsire da ido ba ya gani, su ke dafa masa abinci da haske. Watau fitila ita ce murhunsa. In haske ko zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya yi fari, yunwa ta kashe shi.

Ga abin da za ki kiyaye, uwargida.

Na farko, nisanta akwatin daga taga. Ruwan yana son zafi digiri 24 zuwa 27 ne, kin kuwa san ranar Kaduna cikin Maris da Afril.

Na biyu, nemi fitilar LED wadda aka yi musamman don murjani, mai haɗa shuɗi da fari. A teku jan haske yana ɓacewa tun daga sama, shuɗi ke kaiwa ƙasa, da shi murjani ya saba. Ƙwan lantarkin ɗaki ba zai wadatar ba.

Na uku, kunna ta awa 8 zuwa 10 kullum, a lokaci guda. Murjani ma yana bukatar dare. Sabon zuwa kuwa a fara masa da haske kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Na huɗu, tuna da ɗaukewar wuta. Murjani yana jure duhun kwana ɗaya ko biyu, amma in famfon da ke motsa ruwan ya tsaya, kifi ba su daɗewa. In babu batir ko sola a gidan, kada ki soma.

Ku kuwa 'yan makaranta, ku fara da 'yan karfasa cikin ruwan daɗi. Wadda ta iya kiwonsu shekara guda, sa'an nan ta yi maganar murjani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.