Ɗaki Mai Yoyo Gyara Yake Buƙata

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na ɗalibanmu, ko yake tsayawa hira bayan sallar Juma'a a garuruwan da muke karatu, ya san wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Gara soja su dawo." Da ciwon zuciya ake faɗinta, kuma masu faɗinta ba jahilai ba ne. A cikinsu akwai likita, akwai injiniya, akwai mai neman digiri na uku. Wannan mujalla ba ta raina ɓacin ransu, domin ɓacin ranmu ne baki ɗaya. Sai dai muna ganin wajibi ne mu tsaya mu auna maganar tun kafin ta zame mana aƙida.

Dalilan fushin a fili suke. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai naira dubu a wurare da dama. Dalar da farashinta a hukumance yake wajen naira 460 ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Mu da ke ƙetare mun ji a jikinmu, domin kuɗin makarantar da iyaye suka yi shekaru suna tarawa ya zube daraja a gaban idonsu. A gida kuwa, akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina inda manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga. Wanda ya ga wannan duka ya tambaya ina amfanin ƙuri'a, bai yi laifi ba. Wannan zafi ne ya fito da matasa kan tituna a watan Agustan 2024, har aka ga wasu a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha suna kiran sojoji su karɓi mulki.

Mafi yawanmu ba mu yi wayo a zamanin soja ba, domin tun ranar 29 ga Mayu 1999 farar hula ke mulki a Najeriya. Abin da mutum bai ɗanɗana ba yakan yi masa zaƙi daga nesa, don haka ya kamata mu tuna wa juna. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4, an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. A 1993 aka soke zaɓen 12 ga Yuni bayan jama'a sun gama kaɗa ƙuri'a. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. A watan Disambar 1997, Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi kansa janar ne kuma ya taɓa zama na biyu a gwamnatin soja, ya rasu a kurkukun Abakaliki. Idan bindiga ba ta bar janar ba, ina ga ɗan talaka mai rubutu a Facebook?

'Yan uwanmu na Nijar suna da darasi mafi kusa. Lokacin da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, dubban mutane sun yi murna a Yamai, kuma murnar ta ƙaru da sojojin Faransa suka fice a ƙarshen shekarar. Ƙorafin da ake yi kan Faransa yana da tushe, ba ma musun haka. Amma a watan Disambar 2024 an kama Moussa Tchangari, ɗan fafutukar da ya daɗe yana sukar gwamnatocin farar hula, sannan a watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na tsawon shekara biyar ba tare da zaɓe ba. Ko wanda ke goyon bayansu a yau ya cancanci ya tambayi kansa: ranar da na daina yarda da su, ta wace ƙofa zan faɗa musu?

Wannan ƙofa ita ce abin da muke karewa. Ba ma kare gwamna ko sanata, ba ma kare wata jam'iyya. Muna kare damar da talaka ke da ita ta tilasta wa mai mulki ya ja da baya, kuma tarihinmu na kusa ya nuna damar tana aiki. A ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Shugaba Obasanjo wa'adi na uku, bayan muhawarar da jama'a suka kalla kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa na ganinsa. A 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya kuma miƙa mulki. A ranar 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu kan gyaran da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, bayan matasa sun yi ta bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya.

Misali mafi ciwo shi ne na ranar 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da mutanen da aka kama a zanga-zangar Agusta gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa. Da yawansu yara ne daga Arewa, sun rame bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Abin kunya ne, kuma ƙarƙashin mulkin farar hula ya faru. Amma 'yan jarida sun ɗauki hoto, lauyoyi sun tsaya musu, jama'a daga Kudu da Arewa suka yi ca, kuma cikin kwana huɗu shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Wannan bai dawo da waɗanda aka kashe a kan tituna ba, bai kuma goge watannin da yaran suka yi a tsare ba. Abin da ya nuna shi ne gwamnatin da ke tsoron zaɓe mai zuwa tana jin tsawa.

Akwai kuma laifin da ya kamata mu amsa da kanmu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Wato cikin kowane mutum huɗu, kusan uku sun zauna a gida. Filin da mutanen kirki suka bari, mai rabon taliya da atamfa ne ke cika shi. Muna cewa dimokuraɗiyya ta gaza alhali rabin aikinta ma ba mu yi ba.

To me ɗalibin da ke nesa zai iya, tunda har yanzu dokar Najeriya ba ta ba mazauna ƙetare damar zaɓe daga inda suke ba? Abu na farko, mu bi sawun kuɗi. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 ke samu daga asusun tarayya wata-wata, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga ƙananan hukumomi. Kowannenmu ya nemo alkaluman ƙaramar hukumarsa, ya mayar da su Hausa mai sauƙi, ya naɗi murya ta minti biyu ya aika zauren unguwarsu. Dattijon da ya san nawa ya shigo garinsa a wata zai yi wa ciyaman tambayar da ba ya iya yi a da.

Na biyu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Mu da muke kwana rubuta kundin bincike, wasiƙa mai shafi ɗaya ba za ta gagare mu ba. Sau da yawa za a yi shiru, amma shirun ma hujja ce da lauya zai iya kaiwa kotu. Na uku, kafin zaɓen 2027 kowa ya ƙirga mutanen gidansu da suka kai shekara 18, musamman ƙannenmu mata, ya tabbatar sun yi rajista sun karɓi katinsu, ko da shi zai biya kuɗin mota. Na huɗu, mu tsare harshenmu. A gida ana girmama maganar ɗalibin da ke waje, saboda haka bidiyon ƙarya da ya fito daga wayarmu ya fi na kowa saurin yaɗuwa. Abin da ba mu tantance ba, kada mu tura.

Waɗannan ayyuka ƙanana ne, mun sani. Amma mutum takwas ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, a lokacin da sukar hukumar En'e kan kai mutum gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri tana neman 'yancin matan Arewa, kuma sai a shekarun 1970 suka sami damar kaɗa ƙuri'a. Su Malam Aminu Kano ba su jira zamani ya gyaru kafin su fara ba, kuma ba su ga duk amfanin abin da suka shuka ba. Mu ne muka gaje shi.

Fata nagari lamiri ne, in ji Hausawa, amma fatan da ba ya tare da aiki mafarki ne kawai. Ɗakinmu yana yoyo, kuma iyayenmu da ƙannenmu ne ke kwana a cikinsa. Wanda ya cinna masa wuta don haushin damina, su zai bari a fili. Muna kira ga kowane ɗan wannan ƙungiya da ya zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan nan huɗu kafin ƙarshen wannan zango, ya zo taronmu na gaba ya gaya mana abin da ya gano. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya kuma sa mu zama talakawa masu tambaya.