Mu Dafa Da Kanmu Mana!

Duk ƙarshen zango sai mu yi karo-karo, a sayo mitfai da lemon kwalba, a ce an yi walima. Ni dai ban gamsu ba. Hausa muke karantawa a Kudu, amma da yawanmu ba su taɓa ganin tandar waina ba sai a littafi. Ga Sabo kusa: a sayo shinkafar tuwo, a jiƙa, a markaɗa, a sa yis ƙullin ya kwana. Zoɓo kuwa citta da kanumfari sun ishe shi. Wanda ya riƙe muciya ba zai manta bambancin talge da tuƙi ba ranar jarrabawa. Masu cewa wahala ce, ai saboda mata kaɗai ake bar wa aikin. Maza, ku zo ku yanka albasa!