Furen Tukunya: Abin Sha'awa Da Ya Kamata Zango Ta Ɗauka A Matsayin Sana'a



Duk wanda ya bi manyan titunan Akra ko Kumasi ya san masu sayar da furanni a bakin hanya. Tukwane ne jere, ganyaye kore shar, motoci na tsayawa ana ciniki, ana loda kaya zuwa gidajen East Legon da Cantonments, da otal-otal da ofisoshi. A unguwanninmu kuwa, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango har Aboabo da Asawase, da wuya ka shiga babban gidan haya ba ka tarar da wata baiwar Allah ta jera tsofaffin bokitai da gwangwanayen tumatir a gindin bango ba, ta shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a da alobera da wani fure mai ja. Ra'ayina shi ne, hannun da ya iya raya tsiro a gwangwani, a tsakar gidan da ya cika da yara da awaki, ya riga ya mallaki rabin sana'a. Bai kamata mu ci gaba da ɗaukar abin wasan mata ko kwaikwayon Turawa ba.

Batun kwaikwayon Turawan ma, in aka bincika, juye yake. Tsiron nan mai dogayen ganyaye kamar takobi da ake ƙawata bankuna da shi a Landan da Niyu Yok, asalinsa Afirka ta Yamma ne. Danginsa Bahaushe ke kira moda, kuma tun zamanin kaka da kakanni ake cire zarensa a yi igiya da tsirkiyar baka. Ƙariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda masu kiwon fure a Tailan suka fitar da launuka iri-iri daga cikinta, tsiron sahel ce da makiyayanmu suka sani sarai. Itacen ɗaki mai faffaɗan ganye da 'yan gayu ke rububinsa a Amurka ɗan'uwan gamji da ceɗiya da durumi ne, kuma daga dazuzzukan da suka miƙa tsakanin Saliyo da Kamaru ya fito. Wasu suka ɗauki abin da ke ƙofar gidanmu suka sa shi a tukunya, suka kira shi ado, suka yi masa farashi. Mu kuwa muna wuce shi muna cewa ciyawa ce.

Kasuwar ma ba baƙuwa ba ce a Gana. An buɗe lambun Aburi tun 1890, kuma Kumasi ta daɗe da laƙabin birnin lambuna. Tun 2013 ake yin baje-kolin furanni da lambuna a Akra, a 2021 kuma gwamnati ta ƙaddamar da ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Duk sabon gidan da aka gina, duk otal da wurin cin abincin da aka buɗe, sai an nemi abin da zai sa masa kore. Tambayar ita ce, su wa ke cin wannan kasuwa, kuma me ya hana jikokin fataken goro shiga cikinta? Kakanninmu sun yi tafiyar watanni daga Kano da Katsina zuwa Salaga saboda ɗan itacen da ba ya jure sakaci, wanda sai an naɗe shi da ganye, an yayyafa masa ruwa, an tsince wanda ya lalace kafin ya ɓata sauran. Kula da kaya mai rai har ya isa hannun mai saye gadonmu ne.

Sana'ar ta dace da halin zango ta fuskoki da dama. Jarinta kaɗan ne, domin tsiro shi ke haifar ɗan'uwansa: reshe ɗaya ya zama biyar, biyar su zama ashirin. Ledar fiya-wata da ke toshe mana magudanan ruwa tana zama mazubin reno. Ɓawon kwakwar da masu sayarwa ke jibgewa a bakin titi, da dusar katako da ta ruɓe, da buntun shinkafa, da kashin kaji ko na shanu da ya sha iska, su ne kayan haɗin ƙasa. Matar da ba ta son zaman kasuwa tana iya ɗaukar hoto da wayarta ta sa a WhatsApp ko Facebook, a biya ta MoMo, ɗan acaɓa ya kai. Saurayin da ya gama makaranta yana zaman jiran aiki yana iya yin yarjejeniya da ofis ko otal, ya riƙa zuwa mako-mako yana ban ruwa da datse busassun ganye, a biya shi a wata. Akwai kuma hayar tukwane ga masu biki da walima, inda kaya ke fita da safe su dawo da dare, kuɗi ya shigo, jari yana nan.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya, a nan kuwa ruwan na zahiri ne. Akra ba ta samun ruwan sama kamar Kumasi, kuma gidaje da yawa a zango da jarka suke sayen ruwa. Wanda ya tara tsirrai masu yawan ƙishi, hunturu ya shigo, zai ga ribarsa ta tafi wajen mai famfo. Shi ya sa mai farawa ya fi dacewa da moda da alobera da ƙariya, waɗanda yawan ruwa ma shi ke ruɓar da saiwarsu. Kuma dole a riƙe littafi. Kuɗin tukunya, da ƙasa, da ruwa, da mota, da tsirran da suka mutu kafin a sayar, duka suna cikin farashin wanda ya rayu. Mai sha'awa ba ya lissafin waɗannan, domin daɗi yake nema. Ɗan kasuwar da bai lissafa su ba kuwa, yana raba jarinsa ne yana zaton ciniki yake yi.

Haka nan a yi hattara da labaran intanet na tsiron da ya mai da wani attajiri dare ɗaya. Gaskiya ne lokacin kullen korona farashin wasu tsirrai masu ɗigon fari ya yi tashin gwauron zabi, har a 2021 aka sayar da wani ɗan tsiro a Niyu Zilan kan kuɗin ƙasar sama da dala 27,000. Amma abin da ake iya yankawa a dasa ba ya daɗewa yana tsada. Da manyan gonaki suka shiga yawaita irin waɗannan tsirrai, farashi ya faɗo, waɗanda suka sayi uwa da tsada don su sayar da 'ya'ya suka tashi a tutar babu. Mutanen Holan sun ga irin wannan da furen tulif a 1637. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin dogaro shi ne tsiron da kowa ke nema kullum, mai araha, mai jure zafi da ƙura.

Babban jarin wannan sana'a amana ce, domin mai saye ganye yake gani, ba ya ganin saiwa. Abu ne mai sauƙi mutum ya yanko reshe da safe, ya soka a ƙasa, ya sayar da yamma kamar wanda ya kama. Bayan mako biyu ya bushe, mai saye ya zargi hannunsa. Malamanmu na Malikiyya suna karantar da haramcin cinikin garari, wato sayar da abin da ba a san makomarsa ba, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar wa mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Reshen da bai yi saiwa ba ana iya sayar da shi, amma a faɗa cewa reshe ne, a sa masa kuɗin reshe. Moda mai bakin rawaya, in aka yanka ganyenta aka dasa, ɗan da zai fito kore zalla ne. Sai an raba ta daga gindi rawayar ke biyo baya. Wanda ya san haka ya yi shiru ya ci haƙƙi. Ruwan jikin ƙariya dafi ne, da shi mafarauta ke shafa kibiya a wasu wurare, don haka wajibi ne a gaya wa mai sayen da ke da ƙananan yara ko dabbobi. Wanda zai shigo da tsiro daga waje kuma ya bi ta sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, kada ya shigo wa manoman ƙasa da cuta a cikin jaka.

Akwai wani tsoro da na ji daga bakin dattawa mata, kuma ban raina shi ba. A al'adarmu iri ba abin sayarwa ba ne tsakanin maƙwabta. Ka ga lalle ko zogale a gidan wata, ka ce a sam maka reshe, a karyo a ba ka, ka yi godiya, shi ke nan. Ta haka ɗoɗɗoyar gida ɗaya ke zagaye unguwa. Mu da muke zaune a ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba, irin wannan ƙaramar musaya na cikin abin da ya riƙe mu tare. Tsoron shi ne, ranar da aka sa wa kowane ganye farashi, maƙwabciya za ta zama kwastoma, yaron da ya tsinki fure ya zama ɓarawo.

Amsata ita ce a raba abu biyu. Reshe kyauta ne, a bar shi kyauta. Abin da ake sayarwa shi ne wata uku ko shida na reno, da tukunya, da ƙasar da aka haɗa, da sanin inda tsiron zai ji daɗi a ɗaki. Mai tuwon sayarwa ba ta hana maƙwabciyarta ɗan gishiri, kuma ba wanda ya ce ta raba tuwon kyauta. Kyautar reshe ma ba ta rage kasuwa. Wadda aka ba ta dasa ta ga ya kama, ita ce gobe za ta nemi irin da babu a unguwa, ta kuma kawo uwar ɗakinta daga wurin aiki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Hadisin Bukhari da Muslim ya nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi, ciniki na halal kuwa bai soke wannan lada ba.

Kirana ga ƙungiyoyin mata da matasan zango shi ne su gwada abin a aikace. Masu adashi su ware zubi ɗaya su sayi tukwane da 'yan iyayen tsirrai. Makarantun Islamiyya masu ɗan fili su ba ɗalibai kusurwar reno, a sayar a sayi alli da littattafai. Iyayenmu mata da suka shekara ashirin suna raya tsiro a gwangwani su koya wa yara, yara kuma su ɗauki hoto su nemo masu saye. Mai sha'awa kuma ya ware tukunya ɗaya ko biyu da ya fi ƙauna, ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne, don kada ciniki ya cinye masa daɗin da ya fara jawo shi ga abin.

Allah Ya sa albarka a neman halal ɗinmu, Ya raya zango da mutanenta. Wanda ya taɓa gwada wannan sana'a a garinsu, muna son jin yadda ta kaya.