Izinin Tafiya Na Intanet: A San Na Wa Ne Kafin A Biya

Duk wanda ya saba rakiyar matafiya zuwa filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja ya san irin wannan abin tausayi. Mutum ya yi sallama da iyalinsa a Agege ko Idi-Araba, an yi masa addu'a, ya ɗaure kaya, ya zo ya shiga layi riƙe da tikiti da fasfo da wata takarda mai tambari wadda aka buga masa a shagon kwamfuta. Ma'aikaciyar jirgi ta karɓi fasfon, ta danna na'ura, ta ɗago kai ta ce ba ta ga izininsa ba. Ya miƙa mata takardar, ta ce ita ba takarda take bi ba, abin da na'ura ta faɗa shi ke nan. Ya nemi wanda ya yi masa aikin a waya, ya tarar wayar a kashe. Jirgi ya tashi, shi kuwa ya koma gida da dare don kada maƙwabta su gan shi.

Abin da ke jawo wannan sau da yawa shi ne wani tsari da ƙasashe da dama suka ɗauka, watau izinin tafiya na intanet, wanda aka fi sani da ETA. Ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su fahimci wannan abu sosai, domin kuwa a cikinsu akwai 'yan canji da fatake da masu zuwa Umra waɗanda jirgi ya zama musu kamar motar haya, kuma galibinsu ba da hannunsu suke cika takardun tafiya ba.

Da farko dai, ETA ba biza ba ce. Akwai ƙasashen da suka yarda wa mutanen wasu ƙasashe su shigo musu ba tare da biza ba. A da, irin waɗannan baƙi sai dai kawai a gan su a bakin iyaka. Daga baya hukumomi suka ga gara su san wanda ke tafe tun bai hau jirgi ba, sai suka ce kowa ya aiko da sunansa da lambar fasfonsa da hotonsa ta intanet, ya amsa 'yan tambayoyi, ya biya kuɗi kaɗan, a duba a ce masa ya zo ko kada ya zo. Ostareliya ce ta fara a 1996. Amurka ta tilasta nata, mai suna ESTA, a watan Janairu na 2009, Kanada ta bi baya a 2016. Ingila ta fara da mutanen Katar a watan Nuwamba na 2023, ta faɗaɗa shi har ya kai ga Turawa a watan Afrilu na 2025. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma sun tsara nasu wanda suka kira ETIAS.

To, ga inda gizo ke saƙar. Galibin waɗannan an yi su ne don mutanen da dama can ba a neman biza a wurinsu. Mai fasfon Nijeriya ba ya cikinsu. Ƙasashen da Amurka ta yafe wa biza 40 ne da 'yan kai, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin. Balaraben Saudiyya yana iya zama a ɗakinsa a Jidda ya nemi ETA na Ingila a wayarsa, amma Bakano mai shago a Balogun tilas ya nemi cikakkiyar biza, ya kai shaidar kuɗinsa na banki, ya je a ɗauki hoton yatsunsa, ya jira. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce da mai koren fasfo wai yanzu an yi sauƙi, Ingila ta daina biza, a kawo kuɗi ya samo ETA cikin kwana uku, ɗayan biyu ne: ko bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa ya sani sarai. Na biyun sun fi yawa.

Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne a cikin 2025 Ingila ta fara bai wa ɗalibai da masu zuwa aiki biza ta intanet, ba tare da manna takarda a cikin fasfo ba. Sai masu wayo suka sami abin faɗa, su ce ai ka gani, yanzu ba a manna komai. Alhali kuwa wannan bizar ce dai ta da, da dukan wahalarta da kuɗinta, takardar kaɗai aka cire. Biza ta intanet daban, ETA daban, ko da yake duka biyun ba a ganinsu da ido.

Kuɗin ma da ake karɓa a hannun mutane abin dubawa ne. Kanada dalarta 7 ta sa. Ingila ta fara da fam 10, ta mai da shi fam 16 a watan Afrilu na 2025. Amurka ta ɗaga nata daga dala 21 zuwa dala 40 a ƙarshen Satumba na wannan shekarar ta 2025. Wannan ya shafi 'ya'ya da jikokin 'yan Arewa waɗanda aka haifa a waje suke riƙe da fasfon can. Yaro mai fasfon Amurka in zai bi mahaifinsa Landan sai ya nemi ETA, uban kuwa sai biza. Amma akwai shafuna birjik a intanet masu kama da na gwamnati, da tuta da tambari, waɗanda ke karɓar ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi don su cika abin da mutum zai iya cikawa da kansa kafin shayi ya huce. Wasu sukan yi aikin su ci ribarsu. Wasu kuwa su cinye kuɗin, su kuma riƙe hoton fasfon mutum, wanda Allah kaɗai ya san abin da za su yi da shi.

Ƙasar da 'yan Nijeriya suka ɗanɗana ETA da gaske ita ce Kenya, kuma labarinta ya isa darasi ga gwamnatoci. Ran 12 ga watan Disamba na 1963 Kenya ta sami mulkin kai, kuma a bikin wannan rana a 2023 ne Shugaba William Ruto ya ba da sanarwa cewa daga Janairu na 2024 an soke biza ga duk mutanen duniya. Aka yi ta tafi. Da lokaci ya yi, sai aka ga ashe kusan kowa sai ya nemi izini ta intanet aƙalla kwana uku kafin tafiya, ya nuna tikitinsa da masaukinsa, ya biya dala 30. Ga ɗan Nijeriya wanda a da yake biyan dala 50 kuɗin biza, an rage masa wani abu. Amma mutumin Gana ko na Malawi, wanda a da fasfonsa kaɗai yake nunawa ya wuce, sai ya wayi gari yana biyan kuɗi a ƙasar da ta ce ta buɗe ƙofa. An gudu ba a tsira ba ke nan. A jerin da Bankin Raya Afirka ke fitarwa na ƙasashen da suka fi sauƙin shiga, Kenya ta gangaro zuwa ta 46 cikin 54 a 2024. Kunya ta sa a watan Janairu na 2025 majalisar ministocin ƙasar ta yarda a ɗauke wa mutanen Afirka wannan izini, ban da na Somaliya da Libiya.

Abin lura a nan shi ne dokar ta sauya sau biyu cikin wata goma sha uku. Ɗan kasuwan da ya je Nairobi a 2024, in ya ba ƙaninsa shawara da abin da ya sani, zai sa shi biyan kuɗin da ba a nema. Kuma ba za a rasa mai karɓa ba. Ilmin tafiya a yanzu kamar tumatir yake a Mil 12, ba ya kwana da yawa.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi ya kai ga rai shi ne Saudiyya. Can ma komai ya koma na'ura, daga bizar Umra har izinin shiga Rauda a Madina, wanda ake nema ta manhajar Nusuk. Sauƙin da aka samu ya sa wasu ejan-ejan suna sayar wa mutane bizar ziyara ko ta Umra, su ce a je a laɓe har lokacin Hajji ya zo, ai da araha. Ba izinin Hajji ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, watau ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da motar ɗauka, sai tafiyar ƙafa cikin rana. Masar ta ƙwace lasin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan wannan. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama, da kora, da hana shiga ƙasar har shekara 10. Zamanin da mutum zai ɓace cikin 'yan takari ya yi shekaru ba a san da shi ba yana ƙarewa, tun da hoton yatsunsa na cikin na'ura tun ranar da ya sauka. Kujerar Hajji ta halal tana hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jihohi da kamfanonin da ta ba lasin, kuma tambayar lasin ba rashin kunya ba ne.

Kada a ɗora wa matafiya laifin duka. Akwai dalilin da ya sa suke komawa wurin 'yan kamasho. Takardun da Turanci suke, Turancin ma na ofis. Sa'an nan biyan kuɗin sai da katin banki mai aiki a waje, kuma tun daga 2022 bankuna da yawa suka hana katin naira biyan dala, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, shi ma da iyaka. Attajirin da ke juya miliyoyi a Alaba Rago sai ya rasa yadda zai biya dala 30, tilas ya nemi yaro mai kati. Neman taimako ba aibu ba ne. Aibun shi ne mutum ya miƙa fasfo da kuɗi ya juya baya, ya ce in an gama a kira shi.

Wanda za a cika wa takarda ya zauna a wurin har a gama. Ya sa a karanta masa adireshin shafin, domin na gwamnatin Ingila da gov.uk yake ƙarewa, na Kenya da go.ke, na Kanada kuwa canada.ca ne. Ya tabbata imel ɗinsa da lambar wayarsa aka sa, ba na mai shago ba, don amsar ta zo hannunsa. In amsa ta tafi wurin wani, ba shi da hanyar sanin ko an ba shi ko an hana shi, sai abin da aka ga dama aka buga masa a takarda, kuma buga takarda mai tambari ba ya gagarar kowane yaro mai kwamfuta.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun Hausawa fiye da kowa. Mutum ɗaya ne, amma a fasfo Mohammed, a banki Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a unguwa kuwa Mamman. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifinsa. Jami'i ɗan Adam yana iya duban fuska ya gane ya yi uzuri. Na'ura ba ta san uzuri ba. Abin da ke rubuce a fasfo shi za a kwafa harafi da harafi, ko da kuwa kuskure ne aka yi tun a ofishin shige da fice. Haka lambar fasfo, harafi ɗaya ne a gaba sai lambobi 8, in aka sa harafin O a gurbin sifiri an ba wani mutum izini wanda babu shi a duniya. Kuma izinin a jikin lambar fasfo yake ɗaure. Wanda ya sabunta fasfonsa, tsohon izininsa ya mutu tare da tsohon littafin, ko da saura shekara guda.

Roƙon ma'aikaciyar jirgi kuwa ɓata baki ne, kuma ba mugunta take yi ba. Kamfanin da ya kai fasinja marar cikakkun takardu shi zai mai da shi gida da kuɗinsa, ga tara a kai. A Ingila an daɗe ana cin kamfani fam 2,000 a kan kowane mutum guda. Ba wanda zai sa aikinsa a caca don wani Alhaji ya rantse masa.

A nan ne sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke da aiki a gabansu. Tun zamanin fataucin goro, baƙon da ya sauka a Sabon Badun ko Shagamu yana da mai masauki wanda zai tsaya masa, ya nuna masa dillalin kirki, ya kuma ɗauki alhaki in an cuce shi. Wannan tsari ne ya riƙe ciniki shekara da shekaru ba tare da lauya ba. Ba a rasa yara masu digiri da ke zaune ba aiki a Agege da Obalende da Ama Hausa ta Owerri da kasuwar shanu ta Lokpanta. Fadar Sarkin Hausawa ko ofishin ƙungiya na iya ware teburi guda da kwamfuta guda, a zaunar da ɗaya daga cikinsu wanda aka san gidansu da iyayensa, a rubuta ladan aikinsa a allo kowa ya gani, kuɗin gwamnati daban, nasa daban, a ba da rasit. Aikinsa na farko kowace safiya ya duba shafunan ƙasashen da mutanen kasuwar suka fi zuwa, Saudiyya da Sin da Dubai da Kenya da Turkiyya, ya ga ko wani abu ya sauya. In ya yi kuskure an san inda za a same shi, in ya ci amana akwai wanda za a kai wa ƙara kafin la'asar. Kuɗin kwamfutar da teburin bai kai na tikiti guda na Ikko zuwa Jidda ba, irin wanda ake asararsa a Ikeja.