Kati A Aljihu, Magani A Kyamis: Har Yaushe?

Duk wanda yake da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a Birnin Kudu, Gwaram da ƙauyukansu ya san wannan magana: "Babu maganin, Baba, a je waje a saya." Sai ka ga dattijo da takarda a hannu ya nufi kyamis, an sayar da akuya ko kwanon gero. In kuɗi suka ƙare a ajiye magani, ranar da ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a kwashe shi zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu ana salati.

Alhali kuwa akwai doka! Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci tsofaffi ƙarara cikin raunanan da za a biya wa, tare da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5. A Jigawa, mai mazaɓu 287, hukumar JICHMA ce ke yin rajista. To ina gizo ke saƙar?

Ga abin da ba a cika gaya wa talaka ba. In an yi wa tsoho rajista, ana ɗaura sunansa ne a kan asibiti ɗaya, kuma tsarin shi ne a riƙa biyan asibitin kuɗi a kan kowane suna, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Ashe ke nan maganin nan ba sadaka ba ne, ba kuma kyautar ɗan siyasa ba ce. Haƙƙi ne da aka ware wa kuɗi daga dukiyar al'umma. In an ce babu, sai a faɗa wa jama'a inda kuɗin suka maƙale: a Abuja ne, a Dutse ne, ko a sito?

A Amurka, wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin gwamnati na Medicare, wanda tun 2006 yake da ɓangaren biyan kuɗin magani. Kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, tsoho yana duba tsarin da yake kai, in an cire maganinsa daga jeri ko ya yi tsada ya koma wani. Can yawan zaɓi ne ke rikita tsofaffi. Nan kuwa da yawansu ba su ma san an yi doka dominsu ba, wasu kuma sun bar kati a ƙarƙashin tabarma. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ta yaya zai neme shi?

Sai dai laifin ba na mahukunta kaɗai ba ne. Matashin da ya iya karatun boko da na allo, waya a hannunsa dare da rana, amma bai san sunan ƙwayar da mahaifiyarsa ke sha ba, wace biyayyar iyaye yake taƙama da ita?

Don haka 'yan'uwa matasa su tashi. Kowa ya ɗauki tsohonsa da katin ɗan ƙasa zuwa asibitin mazaɓa ya tambayi rajista. Ya rubuta sunan maganin, ya tambaya ko yana cikin jerin da ake bayarwa. In an ce babu, ya rubuta ranar, ya kai ƙorafi ga kwamitin lafiya na mazaɓa da ofishin hukumar, cikin ladabi amma ba tsoro. In abin ya ƙi gyaruwa, ya nemi a sauya wa tsohon asibiti. Tsohon da ba shi da ɗa kuwa, samarin unguwa su ne 'ya'yansa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya isar wa raunana.