Majigi a ɗakin karatu: An sayi na'ura, saura horar da malami

Duk wanda ya leƙa ɗakunan lacca na jami'o'i da kwalejojin ilimi a 'yan shekarun nan, ko zauren taron bita na ma'aikatan gwamnati, zai tarar da majigi yana haska rubutu a bango. Asusun TETFund yana zuba kuɗi wajen gina manyan ɗakunan karatu, Hukumar UBEC kuma tana kafa makarantun zamani masu kayan fasaha a jihohi. Abin tambaya shi ne, ko wannan ɗawainiya tana ƙara wa ɗalibi fahimta?

Abin da aka fi gani shi ne malami ya kwaso dogon bayani daga littafi, ya cusa shi a shafi guda na PowerPoint, sannan ya juya wa aji baya yana karantawa. Ɗalibai kuwa sai su ɗaga waya su ɗauki hoto, su koma hira. Tsohuwar shifta ce kawai ta sauya riga.

Richard Mayer, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya, ya daɗe yana nazarin wannan batu. Bincikensa ya nuna cewa mai koyo ya fi fahimta idan aka haɗa masa hoto da bayanin baki, kuma fahimtar tana raguwa idan aka ƙara jibga masa rubutun abin da kunnensa ke ji, domin hankalinsa yakan rabu biyu.

Illar cunkoson rubutu ba ta tsaya a aji ba. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a watan Fabrairun 2003, 'yan sama jannati bakwai suka rasu, kwamitin bincike ya soki yadda hukumar NASA ta Amurka ta dogara da irin waɗannan shafuka, inda muhimmin gargaɗi ya nutse cikin tarin kalmomi.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Kowane shafi ya ɗauki batu ɗaya, da manyan haruffan da na kujerar baya zai iya karantawa. A bar wa majigi abin da alli ba zai iya ba, kamar taswirar mahaɗar kogin Neja da na Binuwai a Lokoja, ko yadda jini ke zagaya zuciya. Lissafi kuwa ya fi zama a kai idan ɗalibi ya ga malami yana warware shi daki-daki a kan allo. Idan lokacin tambayoyi ya yi, danna harafin B yana rufe hoton, idanu su dawo kan malami.

Sai kuma matsalar wuta. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, manyan makarantu da dama suka koka. Malamin da darasinsa ke tsayawa da zarar an ɗauke wuta bai shirya ba tun farko.

Don haka ya kamata duk kwangilar sayen majigi ta zo da kason horar da malamai da na gyaran na'urar. In ba haka ba, kuɗin talakawa ne za su ƙare a kan kayan da ƙura za ta lulluɓe, yara kuma su fita aji yadda suka shiga.